Dubu 60 ɗin da ba su ɓata ba

Ranar Asabar na miƙa wa Alhaji makullin durowa da littafin lissafi, bayan shekara biyar ina riƙe da kuɗin shagonsa na sarin kayan masarufi a Babbar Kasuwar Katsina. Abokai sun ce in rubuta abin da na koya. Da na zauna rubutun, abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai.

Watan Fabrairun 2023 ne, lokacin canjin kuɗi. Duk wanda ya yi kasuwa a lokacin ya san wuyar da aka sha. Tsofaffin takardun 200 da 500 da 1,000 kowa na gudunsu, sababbin ba a ganinsu, masu POS na sayar da naira da naira. Ciniki ya koma tiransifa, netwok kuma sai ya ga dama. Littafina gida biyu ne, dama na tsabar kuɗi, hagu na abin da aka turo ta banki.

Wata Litinin bayan la'asar na ƙirga kuɗin durowa, babu dubu 60. Sau uku ina ƙirgawa, amma littafin ko sau ɗaya ban sake dubawa ba, don na yarda da hannuna. Akwai yaron da ke mana dakon kaya, ɗan wani ƙauye ta wajen Batsari da 'yan bindiga suka tasa. Da safe na hango shi tsaye wajen mai POS, da azahar kuma shi na bari a shago na tafi masallaci. Iyakar hujjata ke nan. A gaban Alhaji da maƙwabtan shago na ce masa, "Kai ne, ba kowa ba. Fito da su."

Ya zazzage aljihunsa a kan buhun sukari: tsohuwar ɗari biyu, ɓarin goro, da wayar da aka ɗaure da kyauro. Ya ce, "Yaya, wallahi ban taɓa ba." Muryarsa na rawa, ni kuwa na ɗauki rawar nan alamar rashin gaskiya. A ranar Alhaji ya sallame shi, ya riƙe kuɗin watansa.

Bayan kwana tara aka karɓo takardar asusu daga banki. Ga dubu 60 nan zaune. Wani ɗan sari daga Mai'aduwa ne ya turo kuɗin taliya, alat bai shigo ba, ya nuna mini a wayarsa, ni kuma cikin cunkoso na rubuta a gidan tsabar kuɗi. Rubutun hannuna ne, ba na kowa ba.

Kwana biyu na yi ban faɗa wa kowa ba, kuma shirun nan ya fi kuskuren ci mini rai. Da na faɗa, Alhaji cewa ya yi, "To alhamdulillahi, kuɗi sun fito, a bar maganar." Bai ce a nemo yaron ba, bai kuma saki kuɗin watan ba. Ina ganin girmansa, na ci arziki a hannunsa, amma wannan har gobe ban ji daɗinta ba.

Ni na nemo shi, yana tura baro a Ƙofar Ƙaura. Na kawo shi shago, na tara mutanen da na kunyata shi a gabansu, na ce ni na yi kuskure, shi bai ɗauki ko sisi ba. Kuɗin watansa daga albashina na biya. Ya ce, "Ba komai Yaya, Allah ya sani." Aikin dai ya ƙi komawa.

Sauran darussan ƙanana ne. Kada ka saki kaya sai alat ya shigo wayarka, kada ka rufe lissafi kai kaɗai, bashin ɗan'uwan maigida kuwa ka rubuta shi a gaban maigida.

Shekaranjiya na bi ta Ƙofar Ƙaura. Shi ya fara hango ni, ya ajiye baro ya ɗago hannu, "Yaya, ina gajiya?" Na amsa, amma har yanzu ban iya haɗa ido da shi.