Lahadi, da maganar Goggo

Yau na makara sujadar Hausa, sai benci na baya na samu, ga fanka ba wuta. Amma Zumuntar Mata sun yi waƙa, har na manta zafin.

Fasto ya ɗauko wa'azi daga Luka 9:23, inda Yesu ya ce mai son binsa ya ƙi kansa, ya ɗauki gicciyensa kowace rana. Ya ce mu da muke rataya gicciye a wuya mun manta mene ne shi. A wurin Romawa itacen kisa ne na bayi da 'yan tawaye, wanda aka yanke wa hukunci shi ke saɓa gungumen a kafaɗa, ya ratsa gari ana kallo. Na shafa sarƙar wuyana, kunya ta ɗan kama ni.

Abin da ya tsaya mini a rai a bakin ƙofa ya faru. Yaya tana gaya wa Goggo, murya ƙasa-ƙasa, cewa wata na uku ke nan mijinta bai ajiye ko kuɗin cefane ba. Goggo ta gyara ɗankwali ta ce, "Gicciyenki ne, 'yata. Ki yi haƙuri ki ɗauka."

Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba. Na ce, "Goggo, ai ko Ubangiji an taya shi ɗauka. Saminu Bakurane fa?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Shi ma sojoji suka tilasta masa. Ke wa zai tilasta miki?"

Shiru na yi. Da na dawo na buɗe Markus 15:21, haka yake kuwa: mutumin yana shigowa daga ƙauye, ba ruwansa, aka tare shi. Ɗan Kurane, can ƙasar Libiya ta yanzu. Har sunayen 'ya'yansa biyu Markus ya rubuta.

Har yanzu ban yarda sakacin miji shi ne gicciyen da Yesu yake nufi ba. Shi nasa da yardarsa ya ɗauka, saboda mu. Yaya fa, wa ya tambaye ta? Amma ni mai bakin, tun Kirsimeti ban taka gidanta ba.

Tuwon dare ya yi gudaji. Auta ya fasa kofi.

Na auna shinkafa mudu biyu na ɗaure a leda. Tana nan bayan ƙofa, ban san me zan ce wa Yaya ba in na kai mata.