Idan kaya suka lalace a tsakiyar Atlantika

Daga Las Palmas a tsibiran Kanari zuwa Sent Lusiya mil 2,700 ne na teku, hanyar da jiragen ruwa masu tafiya da iska na ARC, wato ayarin da ke tsallaka Atlantika tare kowace shekara, ke bi duk ƙarshen Nuwamba. Ƙaramin jirgi kan yi kusan mako 3 a kai, ba bakanike, ba kanti. Yawancin abin da ke lalacewa ba guguwa ce ke fasa shi ba, gogayya ce ke cin sa a hankali, domin jirgin yana tangaɗi dare da rana.

Igiyar da ke riƙe da ƙyallen iska tana cinyewa ne a wuri ɗaya, inda take bin 'yar tayar da ke ƙolin turken jirgi. Kowace safiya a sassauta ta ko a ja ta kamar santimita 5 don wurin gogayyar ya canja. In ta fara gashi, a sauke a yanke bakin a sake ɗaurewa. A wannan zagayen ne kuma ake shafa wayoyin ƙarfe masu riƙe da turken. Sili ɗaya in ya tsinke, sauran na biye, sai a rage ƙyalle nan take a tokare turken da wata igiya daga sama.

Inji kuwa, ko da ba shi ke tura jirgin ba, shi ke cajin batir, kuma abu biyu ne suka fi kashe shi. Na farko imfela, wato robar nan mai fukafukai da ke cikin famfon jawo ruwan teku don sanyaya inji. Da zarar an tayar, a leƙa salansa. In ruwa ba ya fita tare da hayaƙi, a kashe, kada a jira ƙararrawar zafi. A rufe bawul ɗin shigar ruwa, a duba rariyarsa ko ciyawar teku ta toshe ta, sannan a kwance murfin famfon a zaro robar. A ƙirga fukafukanta. Wanda ya ɓace yana nan gaba a cikin tiyo ko bakin na'urar sanyaya, kuma in ba a nemo shi ba injin zai ci gaba da ɗaukar zafi. A shafa wa sabuwar sabulun ruwa, a sa sabon gasket, a tuna a buɗe bawul kafin a tayar, don mantuwar nan tana ƙona sabuwar roba cikin mintuna. Imfela 2 na ajiya shi ne mafi ƙaranci.

Na biyu dattin mai. Laka da ta kwanta a gindin tanki tana tashi idan teku ya girgiza jirgin, ta toshe filta, injin ya riƙa shaƙewa. A tanadi filta 5 ko 6, kuma bayan kowane canji a fitar da iskar da ta shiga layin mai. In tankin ya ƙazantu ƙwarai, a sa tiyon shiga da na dawowa duka a cikin jarkar dizal mai tsabta.

A ganina wautar da ta fi kowacce haɗari ita ce dogaro da na'urar tace ruwan gishiri. Mutum 4, lita 3 kowanne a rana, kwana 30 saboda jinkiri: lita 360 ke nan, kuma a raba su tsakanin tanki da jarkoki. A riƙa kashe famfon lantarki na ruwan sha, domin tiyo ɗaya in ya zame zai kwashe tankin kaf ba wanda ya sani.

In an ga ruwa a ƙasan jirgi, a ɗanɗana tukuna. Mai daɗi yawanci daga tanki yake. Mai gishiri kuwa sai a bi ramukan jikin jirgi ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa ake ɗaure turken katako mai tsini kusa da kowane bawul, a buga shi cikin ramin da guduma don toshe shi.

Sandar tuƙi ta ko-ta-kwana a gwada ta tun a tasha, don murfinta yakan cije da gishiri. Idan allon juya jirgin ne ya karye gaba ɗaya, a ja wani abu mai nauyi a baya da igiya biyu, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Wadda aka ja, can jirgin zai karkata.