Rediyon Mota a Tsakar Gida: Wutar da Ya Kamata a Ba Shi

A lokacin bazara, sa'ad da ɗaki ba ya zaunuwa saboda zafi kuma iyali suka koma tsakar gida ko ƙarƙashin rumfa, ƙaramin rediyo na hannu ba ya iya cika fili da sauti. A ganina babu abin da ya fi rediyon mota dacewa da irin wannan zama, domin an ƙera shi ne ya jure zafi da ƙura da jijjiga, yana kama tasha da kyau, yana juya sifika huɗu shi kaɗai, kuma na zamani suna karɓar filas da Bluetooth. Samunsa ba shi da wuya a wajen masu kayan mota. Inda mutane suke yin asara shi ne wajen ba shi wuta, kuma a kan wannan nake so in tsaya.

Wutar da ke fitowa daga soket a Najeriya da Nijar AC ce, mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240, wadda take kai-kawo sau 50 a kowace daƙiƙa. Rediyon mota kuwa DC yake so, wutar da ke tafiya ta hanya ɗaya, kuma bolt 12 ne ma'auninsa. Batirin mota mai lafiya yana nuna bolt 12.6 idan an kashe inji, ya hau zuwa wajen 14.4 idan injin yana aiki, saboda haka yawancin rediyoyin suna aiki lafiya tsakanin bolt 11 da 15. Wannan kaɗai ya isa ya fitar da cajar laftof daga lissafi, tunda galibinsu bolt 19 suke bayarwa, kuma haɗa ta da rediyo ƙona shi ne kawai. Tsohuwar cajar batir mai tiransifoma ita ma ba ta dace ba idan ita kaɗai ce, domin wutarta ba tatacciya ba ce: za a riƙa jin gurnani a sifika, kuma ƙarfinta yakan wuce iyaka idan babu batir a jikinta.

Abin da aka fi mantawa shi ne yawan wutar da rediyon yake ja. Mutum zai sayo ƙaramar adafta ya ga an rubuta bolt 12 ya ɗauka ya gama, alhali amfiya 1 ko 2 kawai take iya bayarwa. Rediyon zai kunnu, fuskarsa ta yi haske, labarai su fito sarai muddin murya tana ƙasa. Da zarar an ƙara murya aka sa kiɗa mai ganga, sai a ga hasken fuskar yana dushewa tare da kowane bugu, sautin ya fara tsagewa, daga nan rediyon ya mutu ya sake tashi da kansa. Mutane da yawa sukan ɗora laifin a kan rediyon, su mayar wa mai shago, alhali wutar ce ba ta ishe shi ba. Hanya mafi sauƙi ta sanin buƙatarsa ita ce a juya bayansa a duba fiyus ɗin da ke maƙale kusa da wurin wayoyi, wanda yawanci ja ne mai lamba 10. Na'urar sauya wuta mai bolt 12 da amfiya 10, irin mai akwatin ƙarfe da ramuka da ake sa wa kyamarorin tsaro, ita ce daidai da shi. Rubutun wat 50 sau huɗu da ke jikin kwali kada ya ruɗi kowa, domin ƙarfin da rediyon yake iya riƙewa na dindindin bai wuce wat 15 zuwa 22 a kowace sifika ba.

Wanda yake da tsohuwar kwamfutar tebur yana iya cire fawarta, wato akwatin da ke ba ta wuta, ya yi amfani da ita. Wayoyinta masu ruwan ɗorawa bolt 12 ne, baƙaƙe kuma su ne nagetif, sannan ba za ta tashi ba sai an haɗa koriyar waya guda ɗaya da ke cikin babban fulogi da ɗaya daga cikin baƙaƙen. A haɗa wayoyi uku ko huɗu masu ruwan ɗorawa wuri guda, haka ma baƙaƙen, domin siririyar waya ɗaya za ta yi zafi. Jar wayar fawar kwamfuta bolt 5 ce, kuma ba ta da alaƙa da jar wayar rediyo. Akwatin fawar kuwa kada a buɗe shi, domin kafasitocin ciki, wato sassan da ke tara wuta, suna riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare fulogi.

A bayan rediyon, waya mai ruwan ɗorawa ita ce ke zuwa batir kai tsaye, ja ita ce ta makulli, baƙa kuma ta jikin mota. Tunda babu makulli a gida, sai a murɗa ja da mai ruwan ɗorawa tare a kai su fozitif, ko kuma a sa ƙaramin makunni a kan jar. Wayoyin sifika bibbiyu ne: farare, masu ruwan toka, koraye da masu launin shunayya, kuma mai baƙin layi a kowane launi ita ce nagetif. A nan akwai kuskuren da ke kashe rediyo nan take, wato haɗa nagetif ɗin sifiku wuri ɗaya ko taɓa su da baƙar waya, domin a rediyon mota duka wayoyin sifika biyun suna ɗauke da wuta. Wayoyin da ba a yi amfani da su ba a naɗe bakinsu da tef ɗaya bayan ɗaya, kuma kada ma'aunin da ke rubuce a jikin sifika ya gaza om 4.

Ra'ayina game da fitar da shi waje ba ya canzawa: wutar soket ta tsaya a cikin ɗaki, bolt 12 kaɗai ya fita tsakar gida. Na'urar sauya wuta mai akwatin ƙarfe tana da kusoshin da bolt 230 ke kansu a buɗe, ga yara suna yawo ba takalmi, ga ruwan wanke-wanke da alwala a ƙasa, ga damina da ba ta sallama. Bolt 12 ba ya jan mutum ko hannunsa a jiƙe yake. Sai dai yana raguwa a doguwar waya: idan nisan ya kai mita 10 kuma rediyon yana jan amfiya 5, waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 za ta cinye fiye da bolt ɗaya, mai kaurin 4 kuwa ƙasa da rabin bolt. Abin da ya fi sauƙi shi ne a ajiye rediyon kusa da taga ko bakin ƙofa, a tsawaita wayoyin sifika zuwa rumfa.

Da zarar an ɗauke wuta, yawancin rediyoyi suna manta tashoshin da aka adana da agogo, domin mai ruwan ɗorawar ce take riƙe musu su. Maganin da na fi gamsuwa da shi shi ne ƙaramin batir mai bolt 12 da amfiya-awa 7, irin na cikin UPS, tare da caja mai sarrafa kanta da ke tsayawa a bolt 13.8. Batirin yana ɗaukar nauyin bugun ganga, yana rufe giɓin da ke tsakanin ɗauke wuta da tayar da janareta, kuma yakan riƙe rediyon awa biyu zuwa uku a matsakaiciyar murya. Dole ne a sa fiyus dab da kan batirin, domin ko wannan ƙaramin yana iya narkar da waya idan fozitif da nagetif suka haɗu.

Wajen saye, na fi son irin su Pioneer, Sony, Kenwood ko JVC a kan wanda aka ciro daga jikin mota. Na kamfanin mota da yawa, kamar na wasu motocin Honda, suna neman lambar sirri duk lokacin da wuta ta yanke musu, wanda a gida zai zama aikin kullum. Tsofaffin da aka ƙera don kasuwar Japan kuma suna kama FM ne daga 76 zuwa 90 kawai, ke nan tasha kamar Freedom Radio ta Kano da ke kan 99.5 ba za ta taɓa fitowa a kansu ba. A duba takardar da ke manne a jikinsa kuma, domin na manyan motoci bolt 24 ne. Eriya kuwa ba ta buƙatar kuɗi mai yawa: eriyar mota ta gwanjo da aka ɗaure a kan kwanon rumfa tana aiki sosai, in ba a samu ba waya mai tsawon santimita 75 da aka soka a ramin eriya aka miƙar da ita sama ta isa ga tashoshin cikin gari.