IF ɗin R-1000 ya fito a kwamfuta, rediyon ma bai kurumce ba

Jama'a yau kam alhamdulillahi, abin ya zauna. Na zaro siginal daga IF ɗin rediyona, wato tsayayyar mitar da yake mayar da kowace tasha a kanta a cikinsa, na kai shi kwamfuta ta dongul, ɗan abin kama rediyo da ake sokawa a USB, don in riƙa ganin tashoshi a allo. Waterfall, wato hoton tashoshin da ke gangarowa a allo, na gudu a manhajar HDSDR, lasifikar Kenwood R-1000 ɗina kuma na magana da ƙarfinta kamar ba a taɓa cikinta ba.

Masu cewa a ɗauki siginal daga IF na biyu, 455 kHz, ku yi haƙuri, ni ban ga amfaninsa ba. Kafin siginal ya kai can filta ta riga ta matse shi, tasha ɗaya za ka gani, kuma tunar R820T da ke cikin dongul ɗin ba ta sauka ƙasa da 24 MHz. IF na farko na ɗauka, 48.055 MHz, daga bayan miksa, sashen da ke mayar da siginal zuwa IF, kafin filtar kiristal.

To nan fa aka yi ta fama. Da na manna coax, wayar da ke kai siginal zuwa dongul, kai tsaye ta kafasita, allurar S-mita mai nuna ƙarfin siginal sai ta kwanta, tashar da ke cika ɗaki ta koma raɗa, in cire waya ta dawo, in mayar ta sake mutuwa, wallahi har na fara tunanin rufe murfin in haƙura. Ashe coax ɗin kaɗai, irin RG-174, tana ɗauke da kusan 100 pF a kowace mita, ga dongul ɗin da ke jan siginal da ƙaramin impidans, su biyun suka taru suka janye tunin ɗin koyil ɗin da ke bayan miksa. Rage kafasita zuwa 2 pF ya dawo da muryar rediyo, amma a kwamfuta sai hazo, tashoshin da ƙyar ake gane su.

Abin da ya raba gardama bafa ce, wato 'yar da'irar da ke shiga tsakani don kada waya ta janye siginal ɗin rediyo, ta transista J310 guda ɗaya, a haɗin da ake kira source follower, na liƙa ta da dalma dab da wurin ɗaukar, ƙafafu gajeru sosai, coax ɗin ta fara daga bayanta. Kuɗin kawo transistocin ya fi kuɗinsu nesa ba kusa ba, wannan ya yi min ciwo gaskiya.

Kada hankalinku ya tashi in kun ga komai a juye. Osilatar rediyon tana sama da mitar da kake kamawa, shi ya sa tashar da ke sama take bayyana a hagu, USB, wato ɓangaren sama na siginal (ba USB na kwamfuta ba), ya zama LSB, ɓangaren ƙasa. Ka danna Swap I/Q a HDSDR shi kenan.

Da faɗin 2.4 MHz duk zangon gajeren zango na mita 19 na gabana lokaci guda, daga 15.1 zuwa 15.8 MHz, ina ganin tasha ta ɗaga kariyarta (carrier), wato siginal ɗinta tsura babu murya, tun kafin mai gabatarwa ya yi sallama.

Saura wasu layuka tsaye da ke fitowa duk lokacin da na jona cajar laftof, in na koma batir su ɓace. Na sa ferrite ɗaya, zoben da ake sa wa waya don rage hayaniyar lantarki, a wayar USB ta dongul, ya rage amma bai kashe ba. Wanda ya taɓa maganin wannan don Allah ya faɗa min nawa ya naɗa, kuma a wane gefen wayar.