Godiya bayan taron nuna tsohon gidan hakimi

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, ranar Asabar an yi taro an tashi lafiya. Jama'ar garinmu a nan ƙasar Ringim sun ga tsohon gidan hakimi tsaye a majigi, gidan da ya daɗe yana zubewa har ambaliyar 2022 ta kwashe sauran katangarsa. Ba a ɗora tubali ko ɗaya ba, a kwamfuta aka sake tayar da shi.

A madadin zuri'ar magina, ina gode wa Mai Girma Hakimi, Allah ya ja zamaninsa, da ya ba da izinin shiga kangon. Ina gode wa malamai da ɗaliban nazarin gine-gine da suka auna tushen ginin cikin rana, suka ɗauki hotuna ta sama da jirgi mara matuƙi, kwamfuta ta harhaɗa su.

Amma tushe ba ya gaya maka yadda rufi yake, tsofaffin hotuna kuma ƙofar fada da zankwaye kawai suka nuna. Nan ne Baba Sarkin Magina ya yi mana rana. Da ya ga zanen farko an shimfiɗa wa babban soro rufi a miƙe, sai ya girgiza kai. Ya ce azara, duk ƙarfin giginya, ba ta wuce kimanin ƙafa 6 ba tare da abin tallafa mata ba, don haka soro mai wannan faɗi dole bakan gizo ne ya ɗauke shi, wato lanƙwasasshen ginin ƙasa mai azara a ciki, aka yi masa ɗaurin guga, inda irin waɗannan bakunkuna ke gitta juna su riƙe rufin. Ɗaliban suka tafi Gidan Makama a Kano, wanda asalinsa ke komawa zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), suka duba irin wannan ɗauri, suka gyara. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Iyayenmu mata da suka yi zaman aure a cikin gidan, ku kuka nuna inda turaka take, da rijiya, da rumbuna, wuraren da baƙo namiji bai taɓa takawa ba. Ba mu da bakin gode muku.

Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne gaskiyar masu aikin: abin da aka auna launinsa daban, abin da dattawa suka tuna daban, hasashe ma daban.

Ɓangaren gabas har yanzu hasashe ne. Duk mai hoton sallah ko na naɗi da aka ɗauka a gidan, don Allah ya kai wa mai unguwarsu, za a kwafa a mayar masa. Allah ya saka wa kowa da alheri.