Godiya ga mutanen hanyar Birniwa

Alhamdulillahi, mun iso Kano lafiya, ni da maiɗakina da 'yar jaririyarmu. Har yanzu kafaɗuna da tafin hannuna ciwo suke, barci ma sai a hankali, amma zuciyata ba za ta natsu ba sai na yi wannan godiya. Duk wanda ya kira, ko ya turo saƙo, ko ya ɗaga hannu ya yi mana addu'a tun daga lokacin da labari ya iso gare ku, Allah ya saka masa da mafificin alheri.

Kun riga kun san yadda mashin ya ba mu matsala a hanya bayan mun baro Nguru, ba sai na maimaita ba. Abin da ba zai fita daga raina ba shi ne lokacin da na taɓa birkin gaba tsakanin Birniwa da Malam Madori, na ji mashin bai amsa ba. Man shokozoban dama, wato ƙarfen gaba da ke rage jijjiga, ya tsiyaye, ya bi ƙafar shokozoban ya gangara har wajen birki. Duk ramin da muka faɗa sai gaban ya nutse gaba ɗaya, ka ji ƙarfe ya doki ƙarfe, kan mashin yana fizgar hannuna. Ga babbar mota ta taho ta gabanmu, ga rana ta kusa faɗuwa. Maiɗakina ba ta ce uffan ba, sai dai na ji ta damƙe rigata tana karanta Hasbunallahu a hankali. Wallahi ban san yadda na sauka daga kwalta ba. Allah ne kawai.

Na san Baba mai faci ba ya son a ambace shi, ya ma gaya mini haka da bakinsa, amma ya yi haƙuri. Ya riga ya tattara kayansa zai tafi sallar magariba, ya hango mu muna turo mashin. Ya shafa yatsa a jikin bututun shokozoban, ya duba, ya ce: "Ɗana, yashi ne ya shiga ƙarƙashin sil. Da wannan ka ɗauko iyali?" Ya ce mu yi salla tukuna. Da muka idar, ya yanko wani siririn yanki daga robar ruwan sha, ya ɗaga robar da ke tare ƙura, ya zura yankin tsakanin sil, wato robar da ke hana man tsiyayewa, da bututu yana zagayawa a hankali, ni kuma ina haska masa da waya. Baƙin yashi ya riƙa fitowa. Ya kwance tayar gaba ya wanke birkin da fetur. Da ya nemi tsumman da zai ɗaure ƙafar don kada mai ya sake gangarowa bai samu mai tsabta ba, sai ya ciro ƙyallen da ke kafaɗarsa, wanda yake goge fuska da shi, ya yage shi biyu ya ɗaura. Nan hawaye ya zubo mini.

Duk da haka ya hana mu tafiya. Ya ce wannan dabara ta kai mutum gari ce da rana, ba ta tafiyar dare da jaririya ba, domin akwai tabon tsatsa a jikin bututun da ya riga ya yanki sil ɗin. Ya kai mu gidansa. Inna ta karɓi yarinya ta goya, ta ɗora wa maiɗakina ruwan wanka, ta zubo mana tuwon gero da miyar kuka. Ɗakin da suka ba mu nasu ne, su suka koma rumfa. Inna, Allah ya sa ki gama da duniya lafiya.

Sai ɗan acaɓan nan da ya buga sammako har Haɗeja ya sayo sil guda biyu da mai, ya ƙi karɓar komai ban da kuɗin fetur. Sai bakaniken Malam Madori da ya goge tsatsar da samfefa mai laushi, ya canza sil na ƙafa biyun, ya auna man daidai wa daida a kowane ɓangare don kada mashin ya riƙa karkata. Baba kuwa, da na miƙa masa kuɗi, hannuna ya mayar mini cikin aljihu ya ce in sai wa jikarsa sabulu.

Akwai 'yan uwa na jini da ke da mota a ƙofar gida, nisansu da inda muke bai kai ya kawo ba. Waya ta yi ta ƙara a daren nan ba a ɗauka ba, har yau kuma ko sannu. Ba komai, na bar wa Allah.

Ya Allah, ka rufa wa Baba da Inna asiri duniya da lahira, ka kai su ɗakinka mai alfarma, ka shirya musu zuri'a. Ka sa albarka a sana'ar yaran nan biyu, ka tsare su daga sharrin ƙarfe. Ka jiƙan iyayensu da namu. Matafiyan da ke kan hanya a wannan dare, ka kai kowa gidansa lafiya. Amin summa amin.