Motar manya ta hannu a hidimar zuwa aiki kullum

Shekara 16 ke nan ina riƙe da ƙaramin gareji wanda aikinsa bai wuce manyan motocin salun ba, irin waɗanda kamfanoni kan saya wa shugabanninsu suna sababbi, su yi shekara uku ko huɗu ana hawansu, sannan a sayar su shiga hannu na biyu da na uku. Mu shida ne a wurin: ni, da kanikawa uku, da mai aikin waya da kwamfuta, da yaro ɗaya mai koyon aiki. Yawancin motocin da ke shigo mana Mercedes-Benz E-Class ne da BMW 5 Series da Audi A6, sai Lexus GS jefi-jefi. Masu su galibi ma'aikata ne da matsakaitan 'yan kasuwa waɗanda suka lura cewa kuɗin da zai sayi sabuwar ƙaramar mota zai iya sayen babbar mota mai shekara takwas ko goma, suka zaɓi babbar, kuma ita suke hawa zuwa aiki kowace safiya. Ni ma irinta nake hawa zuwa garejin, saboda haka abin da zan faɗa na gan shi ina kwance a ƙarƙashin mota, na kuma gan shi ina riƙe da sitiyari.

Gyara ne ke ciyar da garejin, amma aikin da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne duba mota kafin mutum ya biya kuɗinta. Idan mai niyyar saye ya zo, kafin in buɗe bonet nakan tambaye shi nisan da ke tsakanin gidansa da wurin aikinsa, da irin hanyar da yake bi, da kuma yawan lokacin da yake shafewa a tsaye cikin cunkoso. Da yawa sukan yi mamakin tambayar, domin sun zo ne su ji lafiyar inji da giya, amma amsar da suka ba ni ita ce ke nuna mini ko motar za ta zauna da su lafiya ko za ta riƙa dawo da su wurina duk bayan 'yan makonni.

Dalili kuwa shi ne, an ƙera waɗannan motoci ne domin doguwar tafiya a kan babban titi, inda injin zai ɗauki zafi sosai ya daɗe yana juyawa a natse. Injin da aka tayar da safe yana buƙatar tafiya mai ɗan nisa kafin baƙin mai ya kai zafin da zai kori danshi da ɗigon fetur ko dizal da suka gangara cikinsa, kuma babban inji mai silinda shida, wanda ke ɗaukar lita 6 zuwa 8 na mai, ya fi ƙarami jinkirin kai wa wannan zafi. Mutumin da ke tafiyar kilomita 5 ya kashe mota, ya sake tayar da ita da yamma ya yi wasu 5, injinsa bai taɓa yin zafi yadda ya kamata ba, man yana tsinkewa yana lalacewa tun kafin lokacin juye ya yi. Batir ma yana shan irin wannan wahala, domin motar cike take da kwamfutoci da ke jan wuta ko da an kashe ta, kuma gajeriyar tafiya ba ta mayar wa batir abin da tayarwa ta ci. Idan wuta ta yi ƙasa a irin waɗannan motoci, sai fitilun gargaɗi su riƙa kamawa barkatai, mai mota ya ɗauka giya ce ta lalace ko birki, alhali batir ne kawai ya gaji.

Masu injin dizal sun fi kowa shiga wannan matsala. Tun da ƙa'idar hayaƙi ta Euro 5 ta fara aiki a Turai a shekarar 2009, kusan kowace motar dizal ta wannan aji tana zuwa da matatar da ke kama baƙin hayaƙi a cikin salansa. Matatar takan cika, kuma motar da kanta take ƙone abin da ya taru ta hanyar ɗaga zafin salansa zuwa wajen digiri 600, aikin da ke buƙatar tafiya ta mintoci da dama ba tare da an kashe inji ba. Idan kullum ana katse shi a tsakiya, matatar takan toshe, ƙarin dizal ɗin da aka fesa domin ƙonewar ya gangara cikin baƙin mai, ƙarfin motar ya ragu. Akwai wani ma'aikaci da ya kawo mana irin wannan mota sau uku cikin wata biyar da ƙorafi iri ɗaya, muna wanke matatar tana sake cika. A zuwa na uku na zaunar da shi na ce, “Malam, motarka ba ta da laifi, hanyarka ce ba ta dace da ita ba, kuma duk kuɗin da ka ba ni a kan wannan gyara za ka sake ba ni shi nan ba da jimawa ba.” Ya sayar da ita ya sayi mai fetur, wanda ya saya daga hannunsa kuwa mai doguwar tafiya ne, kuma har yau wurinmu yake kawo ta juye ba tare da matatar ta sake damun kowa ba. Ga mai zama cikin cunkoso da ya nace sai babbar mota, nakan nuna masa irin Lexus GS 450h, wadda ta fito a 2006 tana haɗa fetur da lantarki, domin injinta yakan mutu da kansa idan aka tsaya, sai dai dole a auna lafiyar babban batirinta kafin a saya.

Wanda hanyarsa ke da nisa kuwa, a nan ne motar take biyan mai ita. Ina yin kilomita 38 zuwa gareji, in yi wasu 38 in koma, yawanci a kan buɗaɗɗen titi, kuma na san bambancin da ke tsakanin isa wurin aiki da ciwon baya da kunnuwa cike da ƙara, da isa a huce kamar daga ɗaki aka fito. Kujerun an yi su ne domin a zauna awa uku ba a gaji ba, an toshe kofofin ƙarar iska da ta taya, nauyin motar da tsawonta suna sa ta kwanta a kan titi, kuma a giyar ƙarshe injin yana juyawa a hankali, shan mansa bai kai yadda mutane suke tsoro ba. Mutumin da zai shafe awa biyu na kowace rana a cikin mota yana da hujjar neman wannan sauƙi, kuma ban taɓa ganin almubazzaranci a cikin zaɓinsa ba.

Abin da nake tabbatar kowa ya fahimta shi ne, farashin motar ne ya faɗi, kayan gyaranta suna nan a matsayinsu na kayan motar manya. Mota mai nauyin kusan tan biyu tana cin birki da taya fiye da ƙarama, tayoyinta masu faɗi ne, a wasu ma na baya sun fi na gaba faɗi, ta yadda ba za a iya musanya su ba domin su ci daidai. Ƙafafun gaba suna da hannuwa da robobi masu yawa, waɗanda su ne sirrin laushin tafiyar, kuma idan suka fara gajiya kusan tare suke gajiya. Masu tafiya a kan jakar iska a maimakon sifirin na ƙarfe, irin tsarin Airmatic na Mercedes-Benz, robar jakar tana tsufa ne da shekaru ko da ba a yi tafiya da yawa ba, kuma idan ta fara yoyo, famfon da ke hura ta zai yi ta aiki babu hutu har ya ƙone, gyara ɗaya ya zama biyu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, shi ya sa nakan ce wa mai saye kada ya zuba duk abin da ya tara a kan farashi, ya bar wani kaso mai kauri a gefe domin shekarar farko, wadda a cikinta ne ake biyan bashin gyaran da mai motar na baya ya ƙi yi.

Idan za mu duba mota, nakan roƙi mai sayarwa ya bar ta ta kwana a wurinmu, ko aƙalla kada ya tayar da ita kafin mu iso. Da safe mukan fara kallon tsayuwarta, ko wani gefe ya sauka cikin dare, sannan a tayar da injin yana sanyi mu kasa kunne, domin idan sarƙar da ke daidaita juyawar sassan inji ta saki, ƙararta takan fito ne a daƙiƙun farko ta ɓace idan mai ya hau. Bayan haka mai kwamfuta ya jona na'urarsa ya karanta kowace kwamfuta da ke cikin motar ɗaya bayan ɗaya. Ba laifuffukan da aka ajiye kawai muke nema ba, har da alamar cewa an goge su kwanan nan, da kuma lissafin kilomita da wasu sassan ke ajiyewa daban da na mita, wanda shi ke tona asirin mitar da aka mayar baya. Gogewar fatar kujerar direba da ta sitiyari da robar feda su ma shaida ne. Daga nan a ɗaga motar a duba yoyon mai da na ruwa, da tiyo da robobin lagireto waɗanda zafi ke busarwa, sannan in fita da ita da kaina, in bi da ita wurin da za ta yi gudu da wurin da za ta yi ta tsayawa tana tashi.

Kowane ƙira yana da wurin da ake fara leƙawa, kuma sanin wannan shi ne jarin gareji irin namu. E-Class ɗin da aka fara fitarwa a 2002 ta zo da birki mai aiki da famfon lantarki, wanda ke ƙirga yawan takawa ya nemi a canza shi idan adadin ya cika, kuma kamfanin ya koma birki na gargajiya a gyaran fuskar da ya yi wa motar a 2006, don haka shekarar ƙira tana da muhimmanci ga mai saye. Injin dizal mai silinda huɗu na BMW da ake kira N47, wanda ya fito a 2007, sarƙarsa tana bayan inji ne ta wajen giya, ma'ana canza ta sai an sauke giya ko injin gaba ɗaya, kuma yawancin kuɗin aikin na lada ne. A motocin BMW na wannan zamani, idan aka sa sabon batir sai an sanar da kwamfutar motar, in ba haka ba za ta ci gaba da caja shi kamar tsoho. Audi A6 mai jan gaba ta waɗancan shekarun takan zo da giyar otomatik da ake kira Multitronic, wadda ke son a canza mata mai duk kilomita 60,000, kuma takardar da ke nuna an yi hakan ta fi mini kyan fenti daraja.

Maganar man giya tana cikin abubuwan da na fi yin gardama a kansu da masu mota. An sayar da da yawa daga cikin waɗannan motoci da bayanin cewa man giyarsu na har abada ne, amma kamfanin ZF, wanda ya ƙera giyar otomatik mai hawa shida da ke cikin da yawansu, ya ba da shawarar a canza shi tsakanin kilomita 80,000 da 120,000. Motar da ke wuni tana sauya giya cikin cunkoso ta fi buƙatar a bi ƙaramin adadin. Haka nan man birki, wanda ke tsotsar danshi, mukan canza shi duk shekara biyu, baƙin mai kuma nakan rage tazarar juyensa ga mai gajeriyar tafiya ko da allon motar bai nema ba.

Wahalar sana'ar a yau ta fi yawa a wajen waya da kwamfuta. Na'urar bincike tana faɗin inda motar ke jin ciwo, ba ta faɗin abin da ya jawo ciwon, kuma bakaniken da ya dogara da ita kaɗai zai yi ta canza kaya masu tsada yana cajin mai mota har Allah ya sa ya dace. Na hana wannan a garejina. Duk wanda zai cire wani abu sai ya nuna mini awon da ya tabbatar cewa abin ya mutu, domin sau da yawa laifin yana wurin waya ɗaya da ta goge, ko ruwan sama da ya taru a ƙarƙashin kafet saboda magudanar rufi ta toshe ya jiƙa kwamfuta. Yaron da ke koyon aiki a wurinmu ya shafe watanninsa na farko yana koyon karanta zanen waya da riƙe mitar awon wuta kafin in bar shi ya kwance ko da filogi. A wajen kaya kuma, mukan nemi na kamfanonin da suka ƙera wa motar tun asali, irin su Bosch da Lemförder da Sachs, waɗanda sukan zo da sauƙi fiye da wanda ke cikin kwalin mai tambarin motar, kuma ba na yarda a sa na jabu a birki ko ƙafa ko da mai motar ne ya kawo da hannunsa.

Faɗin gaskiya yana sa mu rasa ciniki wani lokaci, domin mutumin da ya riga ya ƙwallafa rai a kan mota ba ya son jin cewa ba ta dace da shi ba, kuma wasu sukan fita su je inda za a gaya musu abin da suke so. Cikin motocin da ake kawo mana dubawa, waɗanda nake cewa a saya ba su kai waɗanda nake cewa a bari ba, kuma wadda nake amincewa da ita sau da yawa ita ce mai kilomita da yawa da cikakkun takardun gyara, wadda ta yi rayuwarta a kan babban titi a hannun mutum ɗaya. Tawa irin wannan ce. Na saye ta tana da kilomita 190,000, na canza man giya da famfon ruwa da hannuwan ƙafar gaba a watan farko, kuma duk ranar Asabar bayan an tashi aiki nakan ɗaga ta in duba ƙarƙashinta da fitila kafin in kulle gareji.